Gwiwa ta fara ciwo: ƙwaya, allura, hutu ko atisaye?

A azumin bara ne gwaggona ta fara yin tarawihi a zaune. Ba ta faɗi ba, ba ta kuma bugu ba. Gwiwar dama ce take yi mata nauyi in za ta tashi daga sujada, sai ta dafa ƙasa da hannu biyu, in kuma tana saukowa daga bene ta ji kamar an soka mata tsinke ta gefen ciki. Da asuba gwiwar takan sanƙare, da ta ɗan zazzaga tsakar gida sai ta saki. Shekarunta 58, kuma tana da jiki. Cikin mako guda ta tara shawara huɗu. Mai kemis ɗin layinsu ya ƙulla mata haɗi a leda. Wata ƙawarta ta Islamiyya ta ce ita allurar gwiwa ce ta tashe ta. Babban ɗanta ya ce ta ajiye duk wani aiki ta huta. Ma'aikaciyar sashen gashin ƙashi a asibiti kuwa ta ce ta rage jiki, ta fara atisayen cinya. Sai ta kira ni ta ce, "Kai da ba ka rabo da karance-karance, wanne zan ɗauka?"

Wanda zai auna shawarwarin nan sai ya fara sanin abin da ke faruwa a cikin gwiwar, kuma ba sai ya je ɗakin gwaji ba, teburin mahauci ya ishe shi. Ka sa a raba maka gaɓar ƙafar sa ɗanya. Za ka ga kan ƙashin sanye da farar hula mai ɗan shuɗi-shuɗi, tana sheƙi kamar tangaran da aka jiƙa. In ka danna ta da farce takan lotsa kaɗan ta dawo. Akwai kuma ɗan ruwa mai yauƙi kamar farin ƙwai da zai biyo wuƙar. Hular nan ita ce guringuntsi, a gwiwar mutum kaurinta milimita 2 zuwa 4 ne kacal. In mahaucin ya sara ƙashin a tsaye, za ka ga siririn faifan ƙashi mai tauri a ƙarƙashinta, sai ƙashi mai huji-huji kamar soso, cike da ɓargo. Ciwon da muke kira amosanin gaɓɓai ko sanyin ƙashi, irin wanda ke zuwa da shekaru da nauyi da tsohon rauni, a waɗannan hawa ukun yake yin aikinsa, haɗe da tantanin da ya lulluɓe gaɓar ta ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu shi miliyan 528 a 2019, miliyan 365 daga ciki a gwiwa ne, kuma kusan kashi 60 cikin 100 mata ne.

Guringuntsi yawancinsa ruwa ne, wajen kashi 70 zuwa 80 cikin 100. Abin da ya riƙe ruwan abu biyu ne: wata raga ta zaren kolajin, da wani sinadari mai zuƙar ruwa da ake kira agirikan, wanda aka cusa a cikin ragar. Agirikan yana son kumbura, raga tana hana shi, wannan ja-in-jar ce take ba guringuntsi tauri da tsalle. Ƙwayoyin halittar da ke kula da shi 'yan kaɗan ne, ba su kai kashi 5 cikin 100 na girmansa ba, kowacce a kulle a ɗakinta. Babu hanyar jini a cikinsa, babu jijiyar jin zafi. Wannan ya haifar da abu biyu da ya kamata mai zaɓen magani ya riƙe. Na farko, guringuntsi ba ya ciwo, ko da yana zaizayewa. Na biyu, tunda jini ba ya kai masa abinci, daga ruwan gaɓa yake ci, kuma sai an taka an ɗaga: takawa ta matse ruwa ya fita da datti, ɗagawa ta bari ya zuƙo sabo.

A farkon ciwon, ƙwayoyin nan da kansu suke fara fitar da sinadarai masu yanka fiye da kima. Agirikan ne yake fara tafiya. Raga ta ɗan saki, ruwa ya ƙara shiga, guringuntsi ya kumbura ya yi laushi, samansa ya fara tsattsagewa kamar bakin tsohon zani. Don haka maganar da muka saba ji, wai "ruwan gwiwarsa ne ya ƙare," ta yi hannun riga da abin da ke faruwa. A matakin farko ruwan da ke cikin guringuntsi ƙaruwa yake yi, gwiwa da yawa ma tara ruwa suke har su kumbura, sai dai ruwan ya tsinke, yauƙinsa ya ragu.

A nan akwai bambancin da na ga ya fi komai amfani. Agirikan jiki yana iya sake ƙera shi. Ragar kolajin kuwa, da wuya. A 2016 wasu masu bincike a Denmak suka yi wata dabara: gwaje-gwajen bam ɗin nukiliya na shekarun 1950 da 1960 sun bar wani nau'in kabon a iska, wanda ya shiga abinci ya shiga jikin kowa, kuma yawansa yana nuna shekarar da aka gina nama. Da suka auna guringuntsin gwiwar mutane, sai suka tarar kolajin ɗinsa na zamanin da mai shi yake girma ne, bayan ƙashi ya gama tsawo kusan ba a sake sabunta shi ba, har a gwiwar da ke da ciwon. Wato gwaggo da ragar da ta saƙa tana budurwa take tafiya. Tun 1743 likitan nan na Birtaniya William Hunter ya rubuta cewa guringuntsin da ya lalace ba ya dawowa. Duk wanda ya tallata maka ƙwaya ko garin da zai "gina sabon guringuntsi", da wannan za ka fara auna shi.

To ina ciwon yake fitowa? Daga ƙashin da ke ƙasa da kuma tantanin gaɓa, su ne masu jini da jijiya. Ƙashi rayayye ne, kullum ana rushe tsoho ana gina sabo. A farkon amosanin gaɓa wannan aikin yana yin sauri fiye da kima a ƙarƙashin wurin da nauyi ya fi sauka, faifan ya yi siriri ya yi huji, daga baya ne yake yin kauri. Ƙananan hanyoyin jini sukan huda su hau cikin gindin guringuntsi, jijiyoyin jin zafi na biye da su. A cikin ɓargo kuma akan sami tabo-tabo na ƙashin da ya ji jiki, waɗanda hoton MRI ke nunawa. Wani bincike da aka yi a Bostan ta Amurka a 2001 ya ga irin wannan tabo a kusan kashi 78 cikin 100 na masu amosanin gwiwa da ke jin ciwo, amma a kashi 30 kawai na waɗanda ba sa ji. A gefen gaɓar ƙashi yakan yi tsiro kamar ƙaramin ƙaho. Ɓurɓushin guringuntsin da ya zube kuma yana fusata tantani, ya kumbura, ya fitar da sinadaran da ke ƙara zuga masu yankan nan. Masana sun daɗe suna gardama kan wanda ke fara lalacewa, ƙashi ko guringuntsi. Ga mai ciwo, ya isa ya san cewa kowanne yana jan ɗan'uwansa.

Ɗan ratse a kan hoto, don nan ma kuɗi na tafiya. Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna guringuntsi, tazarar da ke tsakanin ƙasusuwa kawai ake gani a yi hasashe, bisa ma'aunin da Kellgren da Lawrence suka fitar a 1957. A farkon ciwon hoton yakan fito fes. Ƙa'idar da hukumar tsara jiyya ta Ingila ta fitar a 2022 ta ce wanda ya kai shekara 45, yana jin ciwo in ya yi aiki da gaɓar, kuma sanƙarewar safe ba ta wuce minti 30, ana iya gane ciwonsa ba tare da hoto ba. Gwaggo ta cika duka ukun.

Yanzu ga awo. Kowace shawara tambaya biyu nake yi mata: tana kwantar da ciwo? Me kuma take bar wa gaɓar da sauran jiki bayan shekara guda?

Hutu shi ne ya fi kama da tausayi, kuma shi ne na fi jin tsoro. Ɗanta da kyakkyawar niyya ya faɗa, yana ganin gwiwa kamar tayar mota ce, in an rage tafiya sai ta daɗe. Taya ba ta ci, guringuntsi kuwa yana ci, kuma da motsi yake ci. An auna gwiwar mutanen da lakarsu ta samu rauni suka daina takawa, aka ga guringuntsinsu yana sirancewa cikin watanni, alhali babu abin da ke goga shi. Sai kuma tsokar gaban cinya, wadda ita ce birkin gwiwa duk lokacin da mutum zai zauna ko zai sauka daga tudu. Makonni kaɗan na zama sun isa ta fara zubewa, in ta zube kuma duk wata girgiza kai tsaye take sauka a kan ƙashin nan mai tabo. Ga nauyi da ke ƙaruwa. Kwana ɗaya ko biyu in gwiwa ta kumbura, ba laifi. Amma a mai da hutu magani, an yi gudun gara ne an faɗa gidan zago.

Ƙwaya tana aiki, kada a yi mata ƙarya. Diklofenak da ibufurofen da danginsu suna kwantar da kumburin tantani, ciwo ya lafa cikin awa ɗaya ko biyu. Ba sa gyara guringuntsi ko ƙashi, kuma kuɗin da suke karɓa daga ciki da ƙoda da hawan jini suke karɓarsa. Mai shekara kusan 60 da ke shan su kullum, balle da azumi, ga ciki wayam ga ƙarancin ruwa a jiki, yana wasa da gyambon ciki da ƙodarsa. Na kwance ledar haɗin gwaggo na zube a faranti: ƙwaya biyar, launi huɗu, babu suna ko ɗaya. Wani mai ilimin magunguna da na nuna wa ya gane uku, biyu 'yan gida ɗaya ne da diklofenak, ta ukun 'yar ƙaramar fara kuma sitiroyid ce. Ita ce ke sa mutum ya ji kamar an sake haihuwarsa a kwana biyun farko, ita ce kuma in an daɗe ana sha take cinye ƙashi, ta tayar da suga, ta kumbura fuska. Mai ciwon da ƙashinsa ke cikin matsalar yana shan abin da ke raunana ƙashi. Wannan ledar ban yi shawara da kowa ba na zubar.

Akwai hanya mafi sauƙin haɗari a cikin gidan nan, wato diklofenak na shafawa. Gwiwa tana kusa da fata, maganin yana isa wurin, abin da ke shiga jini ɗan kaɗan ne in an kwatanta da na sha, shi ya sa ƙa'idar Ingilan nan ta sa shi a gaba. Farasitamol ba ya yin wani abin kirki a wannan ciwo. Tiramadol kuwa mun ga abin da ya yi wa unguwanninmu, bai kamata ya shigo maganar ba. Sai gulukosamin da kondiroyitin, masu kwalba mai kyau da tsada. A 2006 aka gwada su a Amurka a kan mutum 1,583 na tsawon mako 24, a jimlace ba su fi ƙwayar bogi ba. Ba mamaki, abin da aka haɗiya hanji ne zai narkar da shi, ba shi da adireshin gwiwa. Haka ma farfesun ƙafar sa, a sha don daɗi.

Allura ita ce ta fi jan hankali, don sakamakonta a bayyane yake. Sitiroyid da aka zuba a cikin gaɓa yana kashe kumburin tantani, mutum ya samu sauƙi na mako 2 zuwa 10. Ƙawar gwaggo ba ƙarya ta yi ba. Abin dubawa shi ne in an mai da ita abin yi duk bayan wata uku. An gwada haka a Bostan, aka wallafa a 2017: mutum 140, rabi ana yi musu sitiroyid duk mako 12 har shekara 2, rabi ruwan gishiri. Masu sitiroyid suka rasa milimita 0.21 na kaurin guringuntsi, masu ruwan gishiri 0.10, ciwo kuwa babu bambanci. A yi adalci, tazarar ba ta wuce kaurin takarda ɗaya ba. Amma takarda ɗaya ce daga abin da bai wuce milimita 4 ba kuma ba ya dawowa, an kuma bayar da ita ba a karɓi komai ba. Ni a ganina allura bashi ce, kuma akwai ranar da bashi ke da amfani: mai shirin Umara da ke da ɗawafi da safa da marwa na kusan kilomita 3 a gabansa, ko wanda kumburi ya hana shi fara atisaye kwata-kwata. Sharaɗi, likita ne zai yi a asibiti da tsafta, don ƙwayar cuta in ta shiga gaɓa cikin kwanaki take cinye guringuntsi. Mai ciwon suga kuma ya sani sugansa zai hau na 'yan kwanaki.

Sauran masu tsadar ba sa buƙatar dogon bayani. Allurar da ake cewa man gwiwa ce, ƙa'idar 2022 ta ce kada a yi. Wadda ake tace jinin mutum a mayar masa a gwiwa, an gwada ta a Ostireliya a kan mutum 288, sakamakon 2021 ya nuna bayan shekara guda ba ta fi ruwan gishiri ba, a ciwo ko a guringuntsi. Wankin gwiwa ta ƙaramar tiyata, tun 2002 wani gwaji a Hustan ta Amurka mai mutum 180 ya nuna waɗanda aka yi wa tsaga a fata kawai sun samu sauƙi daidai da waɗanda aka wanke wa. Har maganin ƙarfafa ƙashi an gwada a kan masu tabon ɓargo, da fatan in an kwantar da ƙashi guringuntsi zai tsira, sakamakon 2020 bai nuna hakan ba. Maɗori kuwa gwanin karaya ne, a nan babu abin da ya karye. Gashi da ruwan ɗumi yana sanyaya rai kuma ba ya cutarwa, tsaga ko sakiya a kan gaɓa kuma ƙofa ce ake buɗe wa cuta.

Saura shawarar da gwaggo ta fi raina, don ba ta zo a kwalba ba. Wani awo da aka yi a Amurka a 2005 ya nuna duk kilo 1 da mutum ya rage, nauyin da ke sauka a gwiwarsa a kowane taku yana raguwa da kusan kilo 4. Kilo 5 ke nan ya zama kilo 20, a kowane taku, sau dubbai a yini, a kan ƙashin nan da ke ciwo. Kitse kuma ba kaya ne kawai ba, yana fitar da sinadaran kumburi a jini, shi ya sa masu ƙiba suka fi samun amosani har a yatsun hannu, waɗanda ba sa ɗaukar kowa. A 2013 aka wallafa gwajin mutum 454 na wata 18: waɗanda suka haɗa rage ci da atisaye sun zubar da kusan kashi 11 cikin 100 na nauyinsu, ciwonsu ya ragu da kusan rabi, sun fi waɗanda suka yi ɗaya kawai. An kuma kwatanta gashi da allura kai tsaye a asibitin sojan Amurka, mutum 156, a 2020: bayan shekara guda masu gashi da atisaye ne suka fi sauƙin ciwo da iya aiki.

Ita ma tana da nata aibin. A wancan gwajin na wata 18, da aka duba hotuna, guringuntsin waɗanda suka rage nauyi bai fi na sauran ba. Atisaye ba ya saƙa sabuwar raga. Abin da yake yi shi ne ya ƙarfafa birki, ya ci gaba da ciyar da guringuntsin da ya rage, ya rage dukan da ƙashi ke sha, kuma ribar da yake bar wa zuciya da suga da hawan jini babu ƙwayar gwiwar da ke ba da ita. Yana da jinkiri, sai an yi mako 6 zuwa 12 kafin a gani a ƙasa, kuma makon farko gwiwa takan yi ƙorafi. Ma'aunin da masu gashi ke bayarwa mai sauƙi ne: ciwon da za a iya jurewa, wanda ya koma yadda yake kafin washegari, ba ɓarna ba ne. In ya kwana ya wuni ko gwiwa ta kumbura, a rage, kada a daina. Wahalarsa ta gaske ita ce a gidan da tuwo da shinkafa da lemon kwalba ne karamci, a ce wa dattijuwa ta rage ci kamar rowa ce.

Tsugune ma ba ta ƙare ba, don rayuwarmu a ƙasa take: girki a murhu, wanki a kujera 'yar tsuguno, masai, hira a tabarma. In gwiwa ta lanƙwashe har ƙarshe, matsin da ke bayan ƙoƙonta yana ninka nauyin jiki sau da yawa, wani bincike a Beijin ma ya danganta yawan doguwar tsuguno da amosanin gwiwa a tsufa. Ɗaga murhu, kujera mai tsayi, sanda a hannun da ke ɗaya gefen, duk suna cikin maganin. Salla kuwa addini ya riga ya yi sauƙi, hadisin Imrana ɗan Husaini sananne ne, wanda bai iya tsayuwa ba ya yi a zaune.

Duk wannan awon na wanda ciwonsa irin na gwaggo ne. Gwiwar da ta kumbura farat ɗaya da zafi da zazzaɓi, asibiti za a nufa a ranar. Sanƙarewar safe da ke wuce awa guda, musamman a yatsun hannu biyu, wani amosanin ne daban mai nasa maganin. Mai sikila da ke jin ciwo a ƙugu ko gwiwa, a duba kan ƙashin cinyarsa. Wanda kuma ƙashi ya riga ya haɗu da ƙashi, ƙafa ta gwame, ciwo na hana shi barci, maganarsa ta koma ta canjin gwiwa a wurare irin Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, kuma shi ma ƙarfin cinyar da ya je da shi zai taimaka masa wajen tashi.

Na ce mata, "Gwaggo, ki bi ta mai gashin nan, ki riƙe na shafawa don ranar da ta matsa, allura kuma ki ajiye ta sai in kujerar Makka ta fito." Ta ce, "Wato dai ni za ka sa aiki." Kullum bayan la'asar takan zauna a kujerar roba a jikin bango, ta tashi ta zauna sau goma ba tare da dafawa ba, ta huta, ta sake. Ranar farko a na huɗu ta tsaya, tana yi wa jikokin da ke ƙirga mata tsawa. Ta koma malmala ɗaya da dare, ta bar lemo sai ranar biki. A wata na biyar kilo 4 ne suka tafi, ba 8 da aka so ba. Tana tsayuwa da ruku'u a farilla, sujada ce take yi a kujera in gwiwar ta tashi da rigima. Ƙarar da take yi in ta hau bene tana nan, ƙurus-ƙurus, har daga falo ana ji.